Yadda Ake Tsara Layukan Mai da na Iska da Sa Musu Lamba a AutoCAD

Assalamu alaikum. Duk lokacin da ɗaliban injiniya na ABU da na Kwalejin Nuhu Bamalli a Zariya suka shiga aikin furojet ɗinsu na shekarar ƙarshe, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: an jera famfo da bawul da silinda a zane, to layukan da ke haɗa su fa, yaya ake bambanta su, kuma wace lamba ake rubuta musu? Kwanan nan wasu masu ƙera injin buga bulo ma sun shigo sahu. Ga amsar a wuri ɗaya.

Zan yi bayani da manhajar zane ta AutoCAD Electrical, domin ita ce ke ɗauke da alamomin haidirolik, wato injin da matsin mai ke motsawa, da na iska a shirye, amma duk inda AutoCAD na gama-gari ya bambanta zan faɗa. Misalin da za mu bi shi ne ƙaramin injin matsa bulo: famfo mai ba da lita 40 a minti, matsi bar 150 (bar ma'aunin matsi ne), bawul mai hannu ɗaya, silinda ɗaya. Ma'aunin da nake auna kowane zane da shi kuwa ɗaya ne: idan aka buga shi baƙi da fari, aka ɗauki hotonsa aka tura wa bakanike ta WhatsApp, zai iya sa yatsa a kan layi ya je ya kamo tiyon da layin ke nufi a jikin inji?

Abin da za ka tanada

Kwamfuta mai ɗan ƙarfi, da linzami na gaske, don jan layi da yatsa a kan laftof wahalar da kai ne. Ɗalibi ba ya buƙatar sayen manhajar: Autodesk na ba da lasisin karatu kyauta na shekara ɗaya, ana sabuntawa muddin kana makaranta, sai dai za su nemi shaidar rajistarka. Abin da zai ci kuɗinka shi ne data wajen saukewa, don fayil ɗin babba ne, sai kuma kuɗin bugawa a A3 a shagunan kwamfuta na Samaru ko Kongo. Mai sana'a da ba ɗalibi ba, lasisin kuɗi ne mai tsada da ake biya da dala. Idan zanensa bai da yawa, LibreCAD kyauta ce kuma tana da leya, wato shimfiɗar zane da ake iya kunnawa ko kashewa ita kaɗai, da nau'o'in layi, aikin lamba ne kawai zai koma na hannu. Ka kuma nemo takardar bayanan famfo da bawul ɗin da za a saya, ko aƙalla hoton farantin da ke manne a jikinsu.

1. Fara da biro da takarda

Kafin ka buɗe manhaja, rubuta kowane layi da injin yake da shi, daga ina zuwa ina, kuma me yake yi. A injinmu: daga tanki zuwa famfo, tsotso ne. Daga famfo zuwa bawul, matsi. Daga bawul zuwa ɓangarori biyu na silinda, layukan aiki. Daga bawul zuwa filta zuwa tanki, komawa. Daga bawul ɗin rage matsi zuwa tanki, shi ma komawa. Reshen da ya tafi geji, matsi. Idan injinka na da bawul ɗin da matsin mai ke turawa, akwai layin umarni. Idan famfonka mai fistin ne, akwai layin tsiyaya daga gangar jikinsa.

Mafi yawan zanen da ke zuwa a hargitse, a nan aka yi tsallake.

2. Shirya shafin

Buɗe sabon zane da samfurin milimita, irin su acadiso.dwt. Kunna SNAP, mai sa linzami ya riƙa tafiya taki-taki, da F9 a kan tazarar milimita 2.5, kunna ORTHO, mai hana layi karkacewa, da F8. Rubuta SAVETIME, wato tazarar da manhaja ke ajiye aiki da kanta, ka mayar da shi minti 5. Asalinsa 10 ne, kuma kowa ya san halin wutar garin nan.

Gargaɗi: idan ka fara da samfurin inci, layukanka masu yanke-yanke za su riƙa fitowa kamar ba a yanke ba, alamomi kuma su zo da girman da bai dace ba. Gyara wannan daga baya ya fi sake farawa wuya.

3. Ba kowane irin layi leyarsa

Wannan shi ne zuciyar aikin, don haka mu tsaya a kansa.

Ƙa'idar ISO 1219-1 ce ta tsara siffar layuka, kuma ba ta da yawa. Layin tsotso, na matsi, na aiki da na komawa duk miƙaƙƙen layi ne marar yankewa. Layin umarni da na tsiyaya layi ne mai gajerun yanka. Layi mai dogon yanka da ɗigo ba bututu ba ne sam. Katanga ce da ake zagaye kayan da ke cikin gida ɗaya da ita, misali bawul uku da ke cikin bulo ɗaya na ƙarfe. Tiyo mai lanƙwasuwa kuma ana nuna shi da ɗan baka mai ɗigo a kowane ƙarshe.

Tunda layuka huɗu siffarsu ɗaya, ido ba zai raba su ba, amma manhaja za ta raba su idan kowanne na kan leyarsa. A AutoCAD Electrical, manhajar na ɗaukar bututu tamkar wayar lantarki. Rubuta AEWIRETYPE, tebur zai buɗe. A sabon jeri, cike gurbin launi da na girma, sai ta ƙirƙiro sunan leya da kanta. Danna dama a kan sunan ka canza shi zuwa naka. Ga yadda nake sa nawa:

H_TSOTSO, miƙaƙƙe, kore
H_MATSI, miƙaƙƙe, ja
H_AIKI, miƙaƙƙe, ja ko baƙi
H_KOMAWA, miƙaƙƙe, shuɗi
H_UMARNI, mai yanka, ruwan lemo
H_TSIYAYA, mai yanka, kore
I_MATSI, I_AIKI da I_UMARNI na iska

H na haidirolik, I na iska, domin idan inji na da duka biyun su jeru a rukuni. Idan malaminka ko kamfani na son sunayen da Turanci, canza su. Tsarin ne abin riƙewa. Kada ka sa haruffa masu lanƙwasa a sunan leya, wata kwamfutar za ta mayar da su alamar tambaya.

A ƙasan teburin akwai maɓallan launi, nau'in layi da kauri. Ga masu yanka ɗauki ACAD_ISO02W100, ga katanga ACAD_ISO04W100, amma ita katangar a sa ta a leya ta daban da ba ta cikin wannan teburin, don kada manhaja ta ɗauke ta bututu ta ba ta lamba. Kauri, ni ina sa 0.35 ga miƙaƙƙu da 0.25 ga masu yanka. Ka tabbata gurbin Wire Numbering na kan Yes ga duk layin da kake son ya samu lamba.

Mai AutoCAD na gama-gari ya rubuta LAYER ya yi daidai wannan.

Launukan al'ada ce da ta yaɗu a littattafan koyarwa: ja matsi, shuɗi komawa, kore tsotso da tsiyaya, ruwan lemo umarni, rawaya man da aka taƙaita gudunsa. Suna taimakon mai zane a gaban allo. Amma kada ka ɗora ma'ana a kan launi kaɗai, domin a takardar fotokofi ja da shuɗi duk toka-toka ne.

Gargaɗi biyu a nan. Na farko, kada ka zaɓi layi ka canza masa launi ko siffa da hannu. A bar komai a ByLayer, wato ya bi na leyarsa. Layin da aka shafa wa shuɗi alhali yana kan leyar matsi, a teburin ƙarshe matsi za a ƙirga shi. Na biyu, a AutoCAD Electrical waɗannan nau'o'in na zama ne a cikin zane ɗaya, ba sa bin ka zuwa shafi na gaba. Ko dai ka ajiye wannan shafin a matsayin samfurinka na dwt tun yanzu, ko ka yi amfani da maɓallin Import a teburin don jawo su.

4. Jera alamomi, sannan ja layuka

AEHYDRAULIC na buɗe alamomin mai, AEPNEUMATIC na iska. Tanki da famfo a ƙasa, bawul a tsakiya, silinda a sama, yadda ƙarfi zai riƙa hawa daga ƙasan takarda zuwa samanta. Ana zana kowane bawul a yanayin da yake idan ba a taɓa shi ba, kuma tunda kowane yanayi da akwatinsa a alamar bawul, layuka na manne ne da akwatin wannan yanayin. Bawul mai matsayi uku da sifirin ke mayarwa tsakiya, a akwatin tsakiya za ka haɗa.

Bar fili. Tsakanin layuka biyu masu tafiya tare a samu aƙalla milimita 10, don lamba na zuwa.

Yanzu rubuta AEWIRE, zaɓi nau'in layi kafin ka danna, ka ja daga baki zuwa baki, wato inda bututu ke shiga jikin kaya. Gama da nau'i ɗaya kafin ka koma wani: tsotso, matsi, aiki, komawa, sannan masu yanka. Wanda ka ja a kan leyar da ba tasa ba, AECONVERTWIRETYPE zai mayar da shi.

Gargaɗi: layin da ya tsaya kusa da baki bai taɓa ba, a ido ya haɗu, a wurin manhaja bai haɗu ba. Kusanto da zanen sosai ka duba. Idan masu yankan sun fito a miƙe, rubuta LTSCALE ka rage ko ka ƙara, sannan REGEN.

5. Ɗigo da tsallake

Inda bututu biyu suka haɗu da gaske, ɗigo baƙi. Inda suka gitta juna ba tare da haɗuwa ba, babu ɗigo. Shi ke nan, amma ɗigo ɗaya da ya ɓata wuri na iya sa a haɗa matsi da komawa. A Drawing Properties, ƙarƙashin Styles, za ka zaɓi yadda tsallake zai fito da yadda reshe zai fito. Sa reshe a kan ɗigo. Ni ba na barin layuka huɗu su haɗu a ɗigo ɗaya. Nakan raba su reshe biyu masu ɗan tazara, don idan tawada ta yi ƙaranci ɗigon ya ɓace, siffar reshen za ta ci gaba da nuna cewa haɗuwa ce.

6. Rubuta sunayen bakuna

Haruffan da ke kan zane su zama waɗanda aka buga a jikin ƙarfen. A mai: P matsi, T tanki, A da B aiki, X umarni, Y tsiyayar umarni, L tsiyaya. A iska lambobi ne: 1 shigar iska, 2 da 4 fita zuwa silinda, 3 da 5 fitar da iska waje, 12 da 14 umarni. Hanyar tuna na ƙarshen: 14 na haɗa 1 da 4, 12 na haɗa 1 da 2.

Bawul da yawa da ke kasuwarmu gwanjo ne, wasu kuma tsofaffin na iska haruffa ne a jikinsu, P, A, B, R, S. Idan abin da aka sayo haka yake, rubuta abin da ke jikinsa a zanen, don shi mai ɗaurawa zai gani.

7. Lissafa girma kafin ka rubuta shi

Lambar da ba ta ɗauke da girman bututu rabin lamba ce, kuma girman ba da ido ake zaɓarsa ba. Lissafin gajere ne: faɗin cikin bututu a milimita daidai yake da 4.61 sau tushen murabba'i na lita a minti raba gudun mai a mita cikin daƙiƙa. Gudun da aka saba bi: tsotso kusan 1, komawa 2 zuwa 3, matsi 3 zuwa 6.

A injinmu mai lita 40, tsotso a gudu 1 ya ba da milimita 29. Matsi a gudu 5 ya ba da 13. Masu sayar da tiyo na ƙirga faɗin ciki da kashi goma sha shida na inci, wato -8 rabin inci ne, milimita 12.7, -12 milimita 19, -16 inci ɗaya, -20 inci ɗaya da kwata, kusan milimita 32. Ke nan tsotso -20, matsi -8.

Komawa ne ke yaudarar mutane. Za ka ce lita 40 ta shiga, lita 40 za ta fito. Ba haka ba ne. Silinda mai faɗin milimita 80 da sanda 45, ɓangaren da babu sanda ya fi ɗayan fili da kusan sau ɗaya da rabi. Idan tana janyewa, lita 40 na shiga ta gefen sanda, kusan lita 58 na fita ta baya. Da wannan adadin za ka auna layin bayan silinda da na komawa da filta. A gudu 3 ya haura milimita 20 kaɗan. To -12 ya matse, -16 ya fi sakewa. Idan an ƙuntata shi, mai na zafi, kuma a watan Afrilu a Zariya tankin ba ya buƙatar wani ƙarin zafi.

Sai irin tiyon. Mai saƙar waya ɗaya a ciki, 1SN, a rabin inci yana ɗaukar bar 160; mai saƙa biyu, 2SN, bar 275. Injinmu na kan 150, kuma matsi na tsalle duk lokacin da bulo ya matsu, don haka 2SN zan rubuta. Na tsotso kuma sai wanda aka yi don tsotso, irin SAE 100R4 mai murɗaɗɗiyar waya, wanda ba ya shaƙewa.

Gargaɗi: tiyo da faɗin ciki ake kiransa, bututun ƙarfe da faɗin waje da kaurin bango. Idan ka rubuta 16x2, cikinsa milimita 12 ne. Wanda ya rubuta 16 kawai ya bar mai saye da canki-canki.

8. Sa lambar

Tsarin da nake bi: harafin aiki, lamba, sai girma a ƙasa. S1 tsotso, P1 matsi, A1 da B1 aiki, T1 da T2 komawa, X1 umarni, L1 tsiyaya. A kan zane zai fito kamar P1, ƙarƙashinsa -8 2SN. Dokar ɗaya ce: lamba na canzawa duk lokacin da layi ya ratsa wani kaya. Daga bawul zuwa filta T1, daga filta zuwa tanki T2.

A AutoCAD Electrical, shiga Drawing Properties, ɓangaren Wire Numbers, zaɓi Sequential. Rubuta AEWIRENO, sa alama a Use wire layer format overrides, shiga Setup ka ce leyar matsi ta ɗauki P%N, ta komawa T%N, haka har ƙarshe, %N kuwa gurbin lamba ne. Wanda kake son ya tsaya yadda yake, AEEDITWIRENO, ka mayar da shi Fixed. Girman kuma ka rubuta shi da rubutu mai tsayin milimita 2.5 a kan leyar rubutu.

Ga abin da manhajar ba za ta yi maka ba. Ita a wurinta duk layukan da suka haɗu a ɗigo abu ɗaya ne, lamba ɗaya take ba su, domin haka wayar lantarki take. Amma daga famfo zuwa reshe, daga reshe zuwa bawul, daga reshe zuwa geji, tiyo uku ne, kowanne da tsawonsa, na geji ma siriri ne. Sai ka bi su da hannu: P1a, P1b, P1c. Haka layin umarni da aka tsago daga na matsi zai gaji lambar P. Ka ba shi X nasa.

A AutoCAD na gama-gari, yi ɗan bulok, wato alamar da ake ajiyewa a riƙa maimaitawa, da ATTDEF mai gurabe huɗu, LAMBA, GIRMA, IRI da TSAWO, ka ɓoye na ƙarshen, ka riƙa ajiye shi a kan kowane layi. Ni a ganina wannan hanyar, duk da ta fi jinkiri, ta fi dacewa da ƙaramin inji, don tun farko tiyo take ƙirgawa.

Lambar ta zauna a saman layin kwance, a hagun layin tsaye, kusa da baki. Dogon layi a sa masa a duka ƙarshensa biyu.

Gargaɗi: da zarar an buga zane an kai wurin ɗaurawa, kada ka sake sa manhaja ta sabunta dukkan lambobi. Zaɓi wanda ke lambata sababbi kawai. Sabon layi ya ɗauki lamba ta gaba ko da bai zo a jere ba, wanda aka cire kuma lambarsa ta tafi da shi.

9. Abin da ya bambanta a iska

Babu layin komawa. Iska na fita waje ta 3 da 5, sai a sa alamar fita ko ta mai rage ƙara. Ɗan kusurwa-ukun da ke nuna tushen ƙarfi a mai cike yake da baƙi, a iska fanko ne. Bututun roba na iska da faɗin waje ake kiransa, 6, 8 ko 10, kuma matsin aiki yawanci wajen bar 6 ne. Tunda bututun da yawa kuma kamarsu ɗaya, na fi son lambar da ke faɗin inda aka fito da inda za a: 1V1.4 zuwa 1A1, wato daga baki na 4 na bawul na farko zuwa silinda ta farko.

10. Layin da ya tsallaka shafi

AESOURCE a inda ya fita, AEDESTINATION a inda ya shiga, da suna ɗaya. Lambar za ta bi shi, da nunin shafin. Da hannu kuwa, rubuta lambar layin da ta shafin a duka ɓangarorin.

11. Tebur, bugawa da ɗaurawa

Fitar da teburin layuka: lamba, daga, zuwa, girma, iri, tsawo, kan haɗi. Masu bulok su yi amfani da DATAEXTRACTION. Gurbin tsawo a bar shi har sai an auna a jikin inji, domin tsawon layi a zane ba shi da alaƙa da na tiyo. Kan haɗi kuma a rubuta irin zarensa, BSP ne, JIC ne ko na mita, don wasu na kama da juna har su fara shiga su ci zare. Wannan teburin za ka miƙa wa mai matse tiyo, a Sabon Gari ne ko sai an je Kaduna ko Kano.

Kafin bugawa, kashe duk leyoyi ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya. Leyar tsiyaya kaɗai: shin ta tafi tanki kai tsaye? Idan ta shiga layin komawa kafin filta, matsin da ke can zai iya fasa robar shaf ɗin famfo. Leyar matsi kaɗai: akwai reshen bawul ɗin rage matsi kafin duk wani abin da zai iya toshe hanya? Daga nan ka ƙirga lambobin zane da na tebur su zo ɗaya.

Buga da monochrome.ctb, mai mayar da kowane launi baƙi, zuwa PDF tukuna, don rawaya da kore kan dushe idan firinta ta mayar da su toka. A kusurwar takarda sa ɗan akwati mai nuna siffar kowane layi da ma'anar haruffan. PDF ɗin za ka kai shago, ba dwg ba, saboda kwamfutarsu ba lallai tana da irin rubutunka ba.

Ranar ɗaurawa kowane tiyo ya samu lambarsa a duka ƙarshensa biyu. Salatif da rubutun alƙalamin maka ba sa kai damina, mai da ƙurar hunturu na cinye su; guntun alminiyam da aka buga wa lamba da fanci aka ɗaure da waya ya fi. Idan tsohon inji ne ake lambatawa, a kashe shi, a sauke silinda ƙasa, a motsa hannun bawul har geji ya koma sifili, kuma kada kowa ya nemi yoyo da tafin hannu, domin man da ke fita ta ƙaramar huda a wannan matsin yana huda fata ya shiga nama. Duk abin da aka canza a wurin ɗaurawa, a rubuta shi da jan biro a kan takardar, a mayar da shi cikin fayil a ranar, a ƙara harafin gyara da kwanan wata a akwatin suna.